Takardu Biyu a Jikin Allura Ɗaya

Bana da ruwan farko ya sauka, na jawo kujera zuwa ƙofar gida a nan Karu na zauna ina jiran shinge. Ƙasa ta jiƙu, ƙamshinta ya tashi yadda na san shi tun ina saurayi, amma har ladan ya kira magariba ban ga fiffike ko ɗaya ba. Jikata ta fito ta tsaya a gefena ta ce, “Kaka, wa kake jira?” Na ce shinge. Ta ce, “Ɗan wane gida ne?” Na yi 'yar dariya. Na yi mata bayani cewa gara ce mai fiffike, wadda ke fitowa daga suri in an yi ruwan farko. Ta kalle ni irin kallon da ake yi wa mai tatsuniya da rana, ta koma ciki wurin talabijin. Ni kuwa na kasa tashi. Abin da na yi shekara da shekaru ina dannewa ya taso mini, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sa'ad da na zo wannan yanki, Abuja tasowa take yi, rabinta gini rabinta daji. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya baro Zariya ya buɗe shagon kayan masarufi a Nyanya, ni kuma aka turo ni wurinsa don in yi karatu a jami'a. A wancan zamani ƙwari su ne masu garin, mu baƙi ne. Da damina aikina na farko kowace safiya shi ne share fukafukan shinge daga ƙofar shago, sai na cika kwando. Matan unguwa su jera kwanoni da ruwa a ƙarƙashin fitila, washegari ko'ina ya gauraye da ƙamshin suya. Gyare ba ya barin mutum ya ji abin da rediyo ke faɗa. In ka bi burtalin shanu sai ka ga buzuzu yana tura kashi da ƙafafun baya, ya faɗi ya tashi, bai ma san kana nan ba. Direbobin tasha kuwa ba sa lodi sai sun wanke gilashi da soso, saboda abin da ya manne masa tun daga hanya. Yau ka taso daga Nyanya har Karshi gilashinka fes, kamar yanzu aka fito da motar daga kanti. Inda gyare yake kuka, janareto ne ke ruri. An shafe ƙasa da siminti, abin da ya tsira daga siminti kuma maganin feshi ya same shi a gona. Yaran yanzu sauro da kyankyaso kawai suka sani, su ma don ana kashe su ne.

Ni tun ina ƙarami magana nauyi take yi mini. A shagon Kawu ina da wani lungu bayan buhunan shinkafa, nan nake zama da littafi har sai an kira ni in auna wa wani sukari. Kawu yakan ce wa abokan cinikinsa, “Wannan ɗan nawa, in ka tambaye shi sunansa sai ya ce bari ya duba littafi.” Ranar da ya ji abin da na zaɓa in karanta, ya ajiye mudu ya ce, “Ƙwari? Mutane suna shiga jami'a su fito likitoci, kai za ka fito sarkin fara? Da ka faɗa mini tun a Zariya ai da na haɗa ka da masu suyarta, kyauta za su koya maka.” Bai hana ni ba, Allah ya jiƙansa. Shi ne ma yake tara mini tsofaffin takardu, da ya ga ina bukatarsu.

Wadda ta ja ni zuwa wannan fanni wata malamarmu ce, kowa Dokta yake ce mata. Gajeriya ce mai saurin tafiya, tana ɗora malfa a kan ɗankwali, ta sa takalmin roba irin na manoma a ƙarƙashin zani, ba ruwanta da wanda zai yi dariya. Abin da ta sa a gaba shi ne ta san kowane ƙwaro da ke zaune a ƙasar nan kafin gari ya cinye ta: wanne ke bin furen ɗorawa da kaɗanya har su yi 'ya'ya, wanne ke binne kashin shanu ya mai da shi taki, wanne ke fitowa da ruwan farko, wanne ke jiran kaka. Tana da ɗaki guda cike da akwatuna masu murfin gilashi, warin kafur ya kama ko'ina. A ciki ƙwari ne a jere, kowanne an soke shi da allura, a ƙarƙashinsa kuma, a jikin allurar, akwai wata 'yar takarda da ba ta kai farcen babban yatsa ba, an rubuta inda aka kama shi, da ranar, da wanda ya kama. Takan ce, “Ƙwaron da ba shi da takarda shara ne, ku ba kaji.” Dokokinta biyu ne, mun haddace su kamar karatun allo. Ta farko, a inda ka kama a nan za ka rubuta, ko da a kan gwiwarka ne, ko da ruwa na dukan ka. Ta biyu, takardar da ta hau allura ba ta sauka har abada. In an gano kuskure sai dai a rubuta sabuwa a soke ta a ƙarƙashin tsohuwar, don na baya su ga abin da aka fara faɗa da abin da aka gyara.

Rubutuna ne ya sa ta lura da ni a cikin aji. Ina iya jera layi huɗu a kan wannan 'yar takarda, kowane harafi a tsaye, ba gogewa. Shi kaɗai ne abin da nake taƙama da shi a duniya, kuma shi ya kai ni ga karya dokarta ta farko. Malam-buɗe-littafi ba a jefa shi a kwalba kamar buzuzu, fiffikensa zai lalace. Ana naɗe masa 'yar ambulan mai kusurwa uku da takarda, a sa shi a ciki, a rubuta bayaninsa a baya, sai an dawo ɗaki a shanya shi. A daji hannu yana gumi, rubutu yana karkacewa, ni kuwa ba na iya kallon karkataccen rubutuna. Sai na ɓullo da wata dabara ban gaya wa kowa ba. Duk ranar da za mu fita, bayan sallar asuba nake zama a kan benci a shago in naɗe ambulan masu yawa, in rubuta wuri da rana a bayan kowace, tsaf, in jera su a gwangwanin biskit. Na ɗauka ba abin da zai faru, tunda wuri ɗaya muke zuwa.

Wurin kuwa wani kurmi ne a bayan Orozo, a bakin rafi. Manoman wurin sun nome ko'ina sun bar shi, don kakanninsu sun ce ba a sa masa gatari. In ka shiga daga rana sai sanyi ya rufe ka, haske ya koma kore, ka riƙa jin ɗigar ruwa a ƙasa da ƙugin zuma a sama. Mai kula da shi wani dattijon Gbagyi ne, Baba muke ce masa. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk “kai” yake ce musu, har Dokta. Ya san ƙwarin kurmin nan kamar yadda mutum ya san 'ya'yan maƙwabta. Sai wani ƙwaro ya gifta, Baba ya ce, “Wannan in ya fito, saura kaɗan a shuka dawa,” Dokta ta durƙusa ta rubuta. Ni kuma Malam Shiru yake kira na. “Malam Shiru, yau ma ba ka zo da baki ba? Ka bar shi a Nyanya?” In yi murmushi in sunkuyar da kai.

Wata safiya a tsakiyar damina Dokta tana da taro, ta ce in je kurmin ni kaɗai. Ina tsaye a tashar Nyanya ina jiran motar Karshi ta cika, sai ga wata babbar mota ta iso daga kudu maƙare da ayaba, 'yan dako suka hau saukewa. A jikin wani nonon ayaba da aka jingine na ga wani abu shuɗi yana motsi a hankali. Malam-buɗe-littafi ne, babba, mai baƙin gefe, shuɗinsa irin wanda ban taɓa gani ba. Fitowarsa ke nan daga kwanso, ga kwanson nan a manne a jikin ayabar, fukafukansa ba su gama bushewa ba, bai iya tashi. A cikin kwanso ya yi tafiya tun daga dazukan kudu, ya zo ya fito a tasha. Na tsuguna ina jiran ya miƙe fukafukan, wani ɗan dako yana ce mini, “Oga, in ba saye za ka yi ba, ba mu hanya.” Na kama shi, na laluba gwangwani, babu ambulan ko ɗaya marar rubutu. Kwandasta yana dukan jikin mota yana kiran saura mutum ɗaya. Na ce a raina, in na zauna zan soke rubutun in gyara. A mota aka matse ni, ko hannu ban iya motsawa ba. A kurmi kuma aiki ya ɗauke ni, ambulan ta shige cikin 'yan'uwanta. Kafin in kai gida jikina ya ɗauki zafi, zazzaɓi ya kwantar da ni mako biyu. Kawu ya ga abin da ke gwangwanin zai lalace, sai ya ba wani ɗan ajinmu ya kai wa Dokta.

Ranar da na koma, ina shiga aji ta dakatar da darasi. Ta ɗaga wani akwati, ga shi nan a tsakiya an shanya shi, shuɗin yana ɗaukar ido. Ba ta ma kwafe bayanin ba, yanko rubutuna ta yi daga jikin ambulan ta soke a allurar, don ta ce ba wanda zai rubuta wanda ya fi shi. Ta gaya wa aji cewa wannan ɗan dazukan kudu ne masu duhu, ba a taɓa sanin yana kawowa nan ba, kuma samunsa a Orozo alama ce kurmin ragowar wani tsohon daji ne. Ta riga ta aika hotonsa ga masana na ƙasashen waje, sun amsa. Sai ta nuna ni ta ce, “Ku dube shi. Ba ya surutu, amma abin da ya rubuta kana iya dafa shi ka rantse.” Aji ya ɗauki tafi. Tunda aka haife ni ba a taɓa yabo na a gaban mutane ba. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, abin da ya fito shi ne, “Na gode, Dokta.” Na ce gobe in ta keɓe zan faɗa mata. Goben ta zo da baƙi. Ba a jima ba aka ce rahoton da ta rubuta a kansa ya tafi mujallar masana. Manya sun ce tun ran gini tun ran zane, ni na bari ginin ya bushe.

Baba ne kaɗai bai yi murna ba. Da aka kai masa hoton ya juya shi, ya nisanta shi da ido, ya ce, “Wannan ba ɗan nan ba ne. Baƙo ne, kamar ku.” Dokta ta ce wataƙila a can saman bishiyoyi yake zama, shi ya sa ba a ganin sa. Baba ya ce, “Dokta, ni ina hawa sama cire zuma tun ba a haife ka ba.” Ya dube ni. Na duƙa ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Daga nan na shiga wani ɗaki da ni na gina, ni kuma na kulle. Ɗaya ba ya isa hujja, ana bukatar na biyu, don haka kowace damina muka koma neman na biyun. Na gama digiri, ta nema mini aikin kula da ɗakin ajiya, saboda amanar da ta ce ta gani a wurina. Kowace Litinin ni ke sauya kafur in goge gilasai, akwatin nan kuma da hannu nake goge shi idona yana bango. Muka riƙa rataya tarkuna da ruɓaɓɓiyar ayaba a rassan kurmin. Ni nake sayo ayabar, a tashar Nyanya, wani lokaci a hannun masu motocin nan. Ni nake riƙe mata raga. In baƙi sun zo daga nesa suna tambayar inda na gan shi, sai in yi nuni da hannu sama-sama in ce ta wajen can. Na ga matar nan ta zame a laka ta gurɗe ƙafa. Na ga ta yini da azumi a kurmin tana ɗaga kai har wuyanta ya sage, tana neman abin da na san babu. Sau biyu aka ba ni damar ƙaro karatu a wani gari na ƙi, ina tsoron in na tafi wani zai zauna da akwatin ya yi tambayar da ba na so. Kawu ya ce, “Kai da ɗakin nan kamar an binne cibiyarka a ciki.” Na yi aure, matata ta san ba na cin ayaba, ba ta san dalili ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne alherin da ƙaryar ta haifa. Saboda neman wannan guda ɗaya, Dokta ta riƙa komawa wuri ɗaya damina bayan damina, tana tattara duk abin da tarko ya kama, har ta tara tarihin ƙwarin wuri guda irin wanda ba kowa ke da shi ba. Daga cikinsa ta fitar da ayyukanta na gaske: yadda zuma ke raguwa in an sare ɗorawa, yadda buzuzu ke ɓacewa in shanu sun daina bi, yadda feshi a gonar tudu ke kashe abin da ke rafi. Ɗalibanta suka bazu a jami'o'i da ma'aikatun gona, kowanne ya tafi da dokokinta biyu a baki. Amma duk taron da za a gabatar da ita, da shuɗin nan ake farawa. Har allo aka kafa a bakin kurmin an hana taɓa shi, duk saboda shuɗin. Sai na riƙa gaya wa kaina cewa shiruna ne ke tsare kurmin. Da wannan nake lallashin zuciyata.

A damina ta tara gari ya iso Orozo. Wani kamfani ya samu takardar fili da ta haɗa har da kurmin, mutanen Baba suka kai kuka, aka kafa kwamiti ya saurari kowa. Ana jibi za a zauna, da hantsi, Dokta ta shigo ɗakin ajiya da takarda a hannu. Baba da wasu dattawa biyu suna zaune a waje a ƙarƙashin dalbejiya, ta taga ina hango hularsa. Ta ajiye takardar a gabana ta ce, “Kai ka kama shi, kai za ka sa hannu a nan. Jibi kuma za ka tsaya gabansu ka rantse, ka kai su har gindin bishiyar.”

Na ɗauki biro na dubi layin da aka bar wa sunana. Shekara tara ina nuni sama-sama, yau an ce in dafa bishiya guda in rantse da Allah. Hannuna ya ƙi.

Na ce, “Dokta, ba a kurmi na kama shi ba.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ƙara faɗa.”

“A tashar Nyanya ne, a jikin ayabar da aka kawo daga kudu. Tun a gida na riga na rubuta ambulan ɗin.”

Ta cire tabarau ta ajiye a kan gilashin akwatin a hankali. Ta daɗe tana kallon shuɗin, sannan ta ce, “Damina nawa muka yi muna neman sa?”

“Tara.”

“Tara. Kana riƙe mini raga.” Ta jawo kujera ta zauna. “Me na yi maka da ka kasa gaya mini?”

Na ce, “Kin yabe ni.”

Ta ce, “Ni ma ga nawa. Mutumin da aka haifa a wurin ya ce mini baƙo ne, na bar maganarsa na bi kyan rubutu.”

Sai na faɗi abin da har yau na fi jin kunyarsa a kan na farkon. Na ce, “Dokta, in muka yi shiru zuwa jibi kawai, kurmin zai tsira. Bayan nan sai a gyara.”

Ta dubi taga, wajen da Baba yake zaune. Na ga maganar ta shige ta, na ga tana auna ta. Ta ce, “Kana tsammanin ban yi wannan tunanin ba tun kafin ka rufe baki?” Ta nuna akwatunan da suka kewaye mu har rufi. “Duk waɗannan, abin da ya sa ake yarda da su shi ne an san ba na sa hannu a abin da na san ba haka yake ba. Jiya ban sani ba, kuskure ne. In na sa hannu yau ƙarya ce, kuma tawa ce. Ɗauko takarda.”

Na yanko 'yar takarda. Ta ce in rubuta gaskiyar inda aka kama shi, da ranar gyara. Haruffa suka hau juna, tawada ta ɗiga. Ban taɓa yin mummunan rubutu kamarsa ba. Na ce bari in sake wata, ta riƙe mini hannu ta ce, “Bar ta haka.” Da kanta ta soke ta a ƙarƙashin tsohuwar. “Yanzu fita ka gaya wa Baba, da bakinka.”

Na tsuguna a gaban dattawan na faɗa, ina kallon ƙasa. Baba ya saurara har na gama, sannan ya tafa hannu ya ce wa 'yan'uwansa, “Kun ji? Ashe ɗan mota ne! Malam Shiru, shi ya biya kuɗin mota ko kai ka biya masa?” Suka yi dariya, gajeriya. Sai ya juya wajen Dokta da ke tsaye a bakin ƙofa. “To jibi me za ka faɗa ma masu katafila?”

Ta ce, “Abin da ke akwai, Baba. Zuma, da buzuzu, da duk sauran. Suna da yawa.”

Ya girgiza kai. “Abin da ke akwai ba ya burge su. Kowa yana da buzuzu.” Ya dafa sanda ya miƙe, ya tsaya a kaina. “Yaro, da ka yi magana tun ranar, da mun nemi wani abu mun riƙe. Shekara tara ka bar mu mun jingina da zana muna cewa katanga ne.”

Ta je gaban kwamitin da akwatunan da ta fi ji da su, ni na ɗaukar mata. Ta yi bayani dalla-dalla. Shugaban ya bari ta gama, sannan ya ce, “Madam, ina shi shuɗin da aka kafa allo saboda shi?” Ta ce, “Kuskure ne daga ɗakinmu, mun janye shi.” Ba ta ambaci sunana ba, ko a nan ko a ɗan gyaran da ta aika wa mujalla. Ina jin ana rufe fayiloli ɗaya bayan ɗaya. Kafin wata damina katafila ta shiga. Ban je na gani ba. An ce kwana uku zuma tana shawagi a kan jar ƙasa tana neman inda za ta sauka. Baba ya koma wurin ɗansa a wajen Karshi, can ya rasu. Ko da na rantse a kan ƙarya wataƙila da sun rushe ɗin, don na ga wuraren da suka fi shi gata sun tafi. Wataƙila kuma da yana nan. Na zagaya tambayar nan iya zagayawa, ban samu ƙofar fita ba.

Dokta ba ta kore ni ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har ta bar duniya, Allah ya yi mata rahama. Masu jin haushinta sun samu abin faɗa, ta shanye. Abu ɗaya ne ya canza. Duk takardar da na miƙa mata sai ta tambaye ni, “A ina ka rubuta ta?” In ce a wurin, sannan ta karɓa. Ban bar ɗakin ba sai da na yi ritaya. Yanzu inda kurmin yake gidaje ne masu jan rufi, an binne rafin a cikin kwalbati, a jikin ƙofar shiga kuma wani maƙeri ya ƙera musu malam-buɗe-littafi na ƙarfe, an shafa masa shuɗin fenti.

Tsohon labarin kuwa bai mutu ba. Gyaran 'yan layuka ne a ƙarshen shafi, ba mai karantawa, na farkon shi ke yawo, yanzu ma ya shiga wayoyi. Kwana kaɗan kafin ruwan nan da na zauna jiran shinge, aka kira ni daga ɗakin ajiya, wai wata ɗaliba tana neman wanda ya san kurmin Orozo. Na je. Yarinya ce mai sanyin murya, ta rungume littafi a ƙirji, tana magana tana kallon ƙasa. Ta nuna mini hoton a wayarta ta ce, “Baba, an ce kai ka kama shi. Ina so in je in nemo na biyu.”

Na jawo akwatin. Warin kafur ya buge ni kamar jiya. Shuɗin ya ɗan koɗe, amma yana nan. Na miƙa mata gilashin ƙara girma na ce ta karanta takardar sama. Ta karanta ta ce, “Kai, rubutun nan da kyau yake.”

Na ce, “Yanzu sunkuya ki karanta ta ƙasan.”

Ta daɗe a sunkuye tana haɗa haruffan da ƙyar. Ta ɗago ta ce, “Wannan kuma wa ya rubuta?”

Na ce, “Duka biyun ni ne, 'yata. Ta ƙasan ita za ki kwafa.”